Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Ajin Mutum-mutumi Na Yara

Assalamu alaikum. 'Yan uwa membobi, malamai da iyayen yara, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare, kamar yadda aka saba kafin babban taro.

Ajin ranar Asabar ya ci gaba a Tudun Wada da Kawo, in ban da lokacin azumi da makonnin jarrabawa. Kayan aikin ba su canza ba: allon micro:bit, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, wanda BBC ta raba wa 'yan makaranta a Birtaniya a 2016, a ɗora shi kan 'yar mota mai taya biyu, yara su jera mata tubalan umarni a manhajar MakeCode ta kamfanin Microsoft. Ƙananan sun fara da Scratch, shi ma yaren kwamfuta ne na tubala, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne fankshin, wato dunƙulen umarnin da ake raɗa wa suna, a riƙa kiransa duk inda ake bukata. Kwamitin malamai ya yanke cewa kada a ambace shi sai yara sun ji jiki. Akwai membobin da suka ga hakan ɓata lokaci ne, kuma an tafka muhawara a kai. A ganina kwamitin ya yi daidai.

Aka zana hanya mai kwana-kwana da alli a kan siminti, aka ce kowane rukuni ya sa motarsa ta bi. Ita motar ba ta san digiri 90 ba. Taya ɗaya ake sa wa ya yi gaba, ɗaya ya yi baya na ɗan lokaci ƙayyadadde, sai a kira wannan kwana. Da batir ya fara sanyi, lokacin da jiya ya isa yau ba ya isa. Ga ƙurar hunturu tana sa tayoyi santsi. Yaron da ya kwafi umarnin kwana ya liƙa a wuri goma dole ya bi goman nan yana gyara lamba, kuma da wuya bai manta ɗaya ba. Sai da suka fara ƙorafi sannan malami ya nuna musu yadda za su tara tubalan wuri guda, su sa masa suna juyaDama. Lamba ɗaya za a taɓa, kwanoni duka su daidaita. Ba wanda ya sake tambayar amfaninsa.

Misalin da ya fi shiga kansu na gida ne. In Mama ta ce je ka ɗebo ruwa, ba ta lissafa maka ɗaukar bokiti da zuwa famfo da dawowa. In ta ƙara da cewa bokiti uku, aikin bai canza ba, adadi kawai aka ba shi. Da haka aka shiga fankshin mai karɓar lamba: a ba shi yawan gefuna, ya raba 360 da shi, motar ta zana siffar. Mai gefe huɗu 90, mai gefe shida 60. Alwatika ce ta kayar da kusan kowa, har da manya masu kallo, don kowa 60 yake cewa, alhali motar 120 za ta juya. Dabarar tsohuwa ce, tun yaren kwamfuta na Logo na 1967 da kunkurunsa mai bin umarni yana zana siffofi, wanda Seymour Papert yake cikin waɗanda suka ƙirƙira. Malaman lissafi sun ji daɗin wannan zangon.

Kurakurai biyu ne suka yi ta dawowa. Yaro ya gina fankshin tsaf, ya manta bai kira shi ba, mota ta tsaya cik, ya ce ta lalace. Na biyu sunaye irin su abu1 da abu2, waɗanda bayan mako guda mai su ma bai san me suke yi ba. Yanzu doka ce sunan ya faɗi aikin, da Hausa ko da Turanci.

Matsalar wuta na nan, kwamfutocin kuma sun tsufa, har yara kan yi layi a kan guda. Motocin da suka karye an yi musu sabon gindi a Panteka. Batir ne ya fi cin kuɗi, shi ya sa muke ba da shawarar komawa ga mai caji. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a taro, kuma waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar.

A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, manyan yara za su bar tubala su fara rubuta fankshin da yaren kwamfuta na Python, sannan a ƙara wa motocin na'urar gane layi. Iyaye daga Rigasa sun nemi a buɗe musu aji, amma sai an samu ɗaki da malamai masu sa kai, musamman mata, saboda 'yan matan da ke son shiga. Mai tsohuwar kwamfuta da ke aiki ya zo da ita ranar taro.

Sakataren ƙungiya