Gargaɗin fayil ɗin DLL bai kai a goge kwamfuta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ke jawo wa masu kwamfuta asara a nan Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Matsalar ita ce ɗan akwatin gargaɗin nan da ke fitowa da zarar an kunna kwamfuta mai Windows, yana cewa an rasa wani fayil da sunansa ya ƙare da .dll. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke aiki, saƙon kan zo ne da taken RunDLL, a ƙasa kuma an rubuta "Le module spécifié est introuvable". Mai kwamfuta sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, shi kuwa ko karanta saƙon bai yi ba sai ya yanke hukuncin a yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma ina ganin wannan gaggawar ba ta dace ba, domin sau da yawa takardun ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa ne ke salwanta a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Fayil ɗin DLL wani yanki ne na umarnin kwamfuta da manhajoji da yawa ke tarayya a kansa, kamar injin niƙa na unguwa da kowane gida ke kai hatsinsa maimakon kowa ya sayi nasa. Idan kwamfuta ta yi kukan rashinsa lokacin tashi, ma'anar ita ce akwai wani abu da aka tsara ya fara aiki tare da Windows, ya kira fayil ɗin bai same shi ba. Saboda haka kafin a tambayi inda za a samo fayil ɗin, sai a fara tambayar wane ne ke kiransa.

Amsar tana cikin saƙon kansa, domin yakan nuna sunan fayil ɗin da foldar da aka neme shi. Idan sunan tarin haruffa ne marasa ma'ana, foldar kuma AppData ce ko Temp, to galibi ragowar bairos ne, irin wanda ke yawo a filash tsakanin shagunan buga takardu. Manhajar kariya ta riga ta kama shi ta goge, amma ta bar umarnin da ke tayar da shi, shi ya sa Windows ke ta nemansa kowace safiya. A irin wannan hali rashin fayil ɗin alheri ne, kuma wanda ya je nemo shi yana ƙoƙarin dawo da cutar ne da hannunsa. Abin yi shi ne a kashe umarnin. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Autoruns, cikin kayan aikin Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, wadda ke jero duk abin da ke tashi tare da Windows, har da ayyukan da aka tsara wa lokaci, tana kuma shafa ruwan ɗorawa a kan layin da fayil ɗinsa ya ɓace. A nemo layin da sunansa ya yi daidai da na gargaɗin, a cire alamar da ke gefensa, a sake kunna kwamfutar. Na fi son cire alama a kan gogewa, domin idan aka taɓa layin da bai kamata ba, mayar da shi abu ne mai sauƙi.

Idan kuwa sunan irin su MSVCR100.dll ne ko MSVCR120.dll ko VCRUNTIME140.dll, labarin daban ne. Waɗannan fayilolin halal ne, na kunshin Visual C++ na Microsoft: na farko na 2010, na biyu na 2013, na uku kuma yana cikin kunshin da ya haɗa 2015 zuwa 2022. Maganin shi ne a sauko da kunshin gaba ɗaya daga shafin Microsoft a ɗora. Kunshin iri biyu ne, x64 na tsarin 64-bit da x86 na tsarin 32-bit, kuma kwamfuta mai tsarin 64 tana iya buƙatar duka biyun, saboda manhaja mai tsarin 32 na x86 take nema ko da a kan wace kwamfuta take zaune.

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Akwai shafukan intanet da ke ba da fayilolin DLL ɗaya bayan ɗaya, mutum ya sauko da guda ya jefa shi cikin System32, foldar fayilolin Windows, yana ganin ya yi tattalin data. Babu wanda zai ba shi tabbacin cewa ba a cusa wani mugun abu a cikin fayil ɗin ba, sannan ga rikicin tsari: a Windows mai tsarin 64, foldar System32 fayilolin 64 take riƙewa, na 32 kuma suna cikin SysWOW64, akasin abin da sunayen ke nunawa. Wanda ya saka fayil a inda ba muhallinsa ba yakan wayi gari da sabon kuskure mai lamba 0xc000007b, manhajar kuma ta ƙi buɗewa sam.

Wani lokaci fayil ɗin na Windows ne kanta ya lalace, abin da ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja kan haddasa, musamman a kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya. A buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa a rubuta sfc /scannow, Windows za ta binciki fayilolinta ta maye gurbin waɗanda suka lalace. Idan ta kasa, daga Windows 8 zuwa sama akwai umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sai dai shi yana buƙatar intanet, bayan ya kammala kuma a maimaita na farkon. Masu Windows 7, kuma har yanzu suna da yawa a ofisoshi da shagunanmu, su sani Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Ina kira ga abokan sana'ata da su bi waɗannan matakan kafin su kai ga fomatin. Idan kuma ya zama dole, to a kwashe takardun mai kaya zuwa wani faifai a gabansa, ya duba da idonsa ya amince, sannan a fara.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Garwa, Kamaru