Ɗaya daga cikin mutum biyun abokin karatuna ne

Ranka ya daɗe, Edita, assalamu alaikum.

A makon jiya jaridarku ta buga wani ɗan labari da bai fi layi shida ba: wata ƙaramar mota ta ƙwace wa direba a kan babbar hanya, ta yi ta wuntsulawa, mutum biyu sun rasu nan take, biyu suna asibiti. Na karanta shi da safe, na ce Allah ya kyauta, na shiga harkokina. Sai bayan la'asar wani tsohon ɗan ajinmu ya kira ni, muryarsa tana rawa, ya ce in yi haƙuri. Ashe ɗaya daga cikin mutum biyun nan shi ne wanda muka zauna benci ɗaya da shi har shekara uku a sakandare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan ambaci sunansa ba, don iyalinsa na cikin halin da bai kamata a ƙara jawo musu ido ba. Amma ina roƙon ka ba ni fili in faɗi kaɗan daga cikin abin da na sani game da shi, da kuma abin da ya hana ni barci tun ranar.

Bahago ne, kullum gefen hannunsa da tabon biro saboda yana bin kan abin da ya rubuta. Biro biyu yake zuwa da su, domin ya san sai na manta nawa. Ba shi da yawan magana, amma in aka shiga darasin fiziks sai ya zama wani mutum daban. Ana gobe jarrabawa na ce masa ni fa dokar Newton ta farko ta ƙi shiga kaina. Bai ce komai ba. Ya ɗauki littafinsa, ya ɗora guntun alli a kai, ya tura littafin a kan tebur da sauri, sannan ya sa tafin hannu ya tsayar da shi cak. Littafin ya tsaya, allin ya wuce ya faɗi ƙasa ya karye biyu. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ka gani? Littafin na tsayar, ban tsayar da allin ba. Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tare shi." Washegari tambayar ta fito, na amsa ta.

Da na je yi wa iyalinsa ta'aziyya, yayansa ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Direban da wanda ke zaune kusa da shi sun ɗaura bel, sun fita da karaya da raunuka, kuma suna samun sauƙi. Su biyun da ke baya ba su ɗaura ba. Shi a wajen motar aka tsince shi, da tazara mai yawa tsakaninsa da ita. Tun da na ji haka, in na rufe ido allin nan nake gani.

Kada wani ya ɗauka laifinsa nake gani. Wallahi ni kaina, kafin makon jiya, ban tuna ranar da na taɓa ɗaura bel a kujerar baya ba. Yawancinmu gani muke na baya a kāre yake, tunda ga kujera a gabansa, kuma bel na direba ne da na gefensa. To amma idan motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a ta daki wani abu ta tsaya, jikin wanda ke ciki yana ci gaba da wannan gudun, kuma bugun da zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka ya zama kilomita 100, ƙarfin bugun ninkawa yake sau huɗu, kamar faɗowa daga kusan mita 40. Babu hannun da zai riƙe kujera ya tare wannan. Kuma na bayan da bai ɗaura ba, ban da kansa, yana iya afka wa na gabansa ya hallaka shi ko da shi ya ɗaura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai rabi. Bel ɗin nan da ke ratsa ƙirji da ƙugu wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a mota a 1959, kuma kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta don ganin rayuka yake ceta. Yau sama da shekara sittin ke nan, amma a motoci da yawa in ka nemi na baya sai ka tarar an cusa shi ƙarƙashin kujera, ko rigar kujera ta rufe maɗaurinsa.

A rahotonta na 2023, hukumar ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, kuma shi ne abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Abokina bai cika talatin ba. Na sha ganin irin waɗannan alƙaluma ina wucewa, sai yanzu da na san ɗaya daga cikinsu da tabon biro a hannunsa na ji nauyinsu.

Na ji masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Na yi imani da haka, da shi ma nake rarrashin zuciyata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da wannan kalma marufi, da zarar an faɗe ta a daina tambayar gudun nawa ake yi, ko tayar ta tsufa, ko direban ya yi barci, ko yana taɓa waya. Mun san an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah. Yarda da ƙaddara ba ta hana mu kai mara lafiya asibiti, to me ya sa za ta hana mu jan bel na daƙiƙa uku?

Roƙona gare ka, Edita, shi ne idan wakilanku za su kawo labarin haɗari, su ƙara layi biyu a kan shidan. Su tambayi jami'an da suka je wurin ko waɗanda suka rasu sun ɗaura bel, kuma a wace kujera suke. Mai karatu in ya ga "mutum biyu sun rasu" addu'a zai yi ya wuce, kamar yadda na yi. In kuwa ya ga "na gaba sun ɗaura sun tsira, na baya ba su ɗaura ba", wataƙila gobe hannunsa ya kai ga bel kafin mota ta tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware Lahadi ta uku a watan Nuwamba tun 2005 don tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su, da ma a ce jaridarku za ta ba iyalansu shafi guda a wannan rana.

Ina kuma roƙon masu ɗaukar bidiyon gawa a wurin haɗari su ji tsoron Allah. Ƙanwarsa a waya ta fara ganin takalminsa da rigarsa, tun kafin kowa ya zo gida ya faɗa musu.

Wata biyu da suka wuce ya turo mini saƙo, ya ce mun daɗe ba mu haɗu ba, yaushe zan samu lokaci. Na ce masa sai aiki ya ɗan lafa. Saƙon yana nan a wayata, na kasa gogewa.

Allah ya jiƙansa da rahama, shi da wanda suka rasu tare, ya ba mahaifiyarsa da matarsa haƙuri, ya raya ɗan da ya bari, ya ba waɗanda ke kwance lafiya.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku