Biyu cikin uku na mutanen da ke gidan yari ba a yanke musu hukunci ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya. Na lura ba ma tunawa da su sai an fasa gidan. Da aka fasa na Owerri a watan Afrilun 2021, mutum fiye da 1,800 suka fice. Da 'yan ISWAP suka kai hari Kuje a watan Yulin 2022, ɗaruruwa suka tsere. A 2024 ruwan sama ya rushe katangar na Suleja, ambaliya kuma ta ci na Maiduguri. Kowane lokaci labarin iri ɗaya ne: miyagu kaza sun gudu, an kamo kaza, jama'a su yi hattara. Ba na musun akwai miyagu a ciki. Amma da wuya ka ga an tsaya an tambaya, shin su wane ne ma a cikin gidajen nan, kuma me ya kai su?

Hukumar kula da gidajen gyaran hali ba ta ɓoye alƙalumanta. A 'yan shekarun nan yawan mutanen da ke hannunta yana kaiwa da komowa tsakanin dubu 75 da sama da dubu 80, a gidaje fiye da 240. Mata kimanin kashi 2 cikin ɗari ne, saura duk maza ne, galibi matasa masu jini a jika. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: kusan biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma, ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Ke nan a idon doka, mutum fiye da dubu 50 marasa laifi ne ke kwana a bayan kanta suna cin gabza.

Wanda bai taɓa zaman kotun majistare ba zai yi mamakin yadda hakan ke faruwa, alhali hanyar a bayyane take. 'Yan sanda su kama mutum, su rubuta masa takardar FIR, wato takardar tuhuma ta farko, da laifin fashi da makami ko kisan kai, su kai shi gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan aikin babbar kotu ne. Abin da zai iya kawai shi ne ya ce a kai shi gidan yari a ajiye, a tura fayil ma'aikatar shari'a domin daraktan gabatar da ƙararraki ya ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi. A nan gizo ke saƙa. Fayil na iya kwana a caji ofis ba a tura ba. Ko a tura ya shige cikin tulin wasu a teburin lauyan gwamnati guda. Ko a yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, babu wanda ya san inda ya ajiye takardun. Shi kuwa mutumin yana ciki, wata na bin wata.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin ya yi tanadi mai kyau. Ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma wanda ke tsare har wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi. Sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. Saboda haka kalma ɗaya a takardar ɗan sanda ita ce ke raba wanda zai koma gida da wanda zai shekara biyar a ciki. Rigimar ƙwace waya idan aka ce an ga wuƙa, ta tashi daga sata ta koma fashi.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Ɗan wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, yaro ɗan acaɓa, aka kwashe shi cikin wani samame bayan an yi wa wani ƙwace a bakin titi. Ban ce waliyyi ba ne, ban kuma ce ya yi ba, don har yau babu alƙalin da ya ce komai a kai. Ranar zaman kotu uwar ba ta kasa kasko. Takan tafi tun da sassafe da kwanon abinci a ƙunshe cikin tsumma, ta zauna a gindin bishiyar harabar kotu tana kallon ƙofa. Wata rana a ce motar gidan yari babu mai, ba a kawo su ba. Wata rana alƙali ya tafi taro. Wata rana a kawo shi, a kira sunansa, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawara ba ta fito ba, a ɗage zuwa wata mai zuwa, duka zaman bai kai minti biyu ba. Ta sayar da akuyarta ta ba wani da ya ce ya san hanyar fito da fayil, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Wanda aka yi wa ƙwacen ma ya daɗe da daina zuwa. Yaron ya fita daga shekara ta biyu ya shiga ta uku.

Ko waɗanda laifinsu na beli ne, sharuɗɗan kan fi ƙarfinsu. A ce ka kawo mutum biyu, ɗaya babban ma'aikacin gwamnati, ɗaya mai takardar fili a cikin gari. Ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauye yana tura baro a kasuwa, ina zai samo darakta ya tsaya masa? Mai hali lauyansa kan kammala masa komai kafin la'asar ya kwana a gidansa, ko da biliyoyi ake tuhumarsa da wawurewa. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976 domin talakan da ba ya iya ɗaukar lauya, amma lauyoyinta a kowace jiha 'yan ƙalilan ne, ba su isa ko gidan yari ɗaya ba.

Hatta a cikin kashi ɗayan da aka yanke wa hukunci, da yawa talauci ne ya riƙe su. A watan Nuwamban 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 waɗanda aka ba zaɓin tara suka kasa biya. Naira miliyan 585 aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni. Raba kuɗin da yawan mutanen, za ka ga kowanne bai kai naira dubu 150 ba. Wato kotu da kanta ta ce waɗannan ba sai an ɗaure su ba, amma suka zauna. Allah ya saka wa waɗanda suka biya, haka gwamnoni da attajiran da ke biyan tara lokacin azumi da Sallah. Amma kafin wata Sallar an sake cika ɗakunan da irinsu.

Akwai kuma mutum fiye da 3,000 da aka yanke wa hukuncin kisa. Gwamnoni ba sa son sa hannu, rabon da a aiwatar da hukuncin tun 2016 a Jihar Edo, ba sa kuma son sassautawa. Wannan magana ce ta daban, na bar wa malamai da lauyoyi.

To wa ke da alhakin wannan cunkoso? Mun saba ɗora wa gandurobobi, alhali ganduroba ba ya kama kowa, ba ya kuma sakin kowa sai da takardar kotu. Ni a ganina babban kason laifin na gwamnonin jihohi ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ke tsare dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa. Kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil. Amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su, ita ke biyan gandurobobi, ita ke gyaran katanga. Kuɗin abincin kowane fursuna naira 750 ne a rana har zuwa 2024 da aka ƙara shi zuwa 1,125, wanda kowa ya san abin da zai saya a kasuwar yau. Gwamnan da ba ya fitar da ko sisi idan mutum ya ƙara shekara a tsare, me zai sa ya ɗauki ƙarin lauyoyi ko ya naɗa ƙarin alƙalai? A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen yarin. An ba su dama, amma ba a ga suna rububi ba.

Shi ya sa ban cika murna da sababbin gine-gine ba. Na Janguza da aka gina a Kano don mutum 3,000 ya fi na Kurmawa, wanda tun zamanin Turawa yake, nesa ba kusa ba, kuma ba na ƙin a fitar da mutane daga ɗakin da suke kwana a takure. Amma in dai fayil zai ci gaba da kwana a tebur, shi ma cika zai yi.

Dokoki kuwa ba su muka rasa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, in za a ƙara sai an nuna wa kotu dalili, ta kuma wajabta wa manyan majistarori su riƙa zagaya caji ofis duk wata su ga waɗanda ke tsare. Jihohi sun yi nasu kwatankwacinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar 2019, wadda ta canza wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali, ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima, har ta ba shugaban hukumar a jiha ikon ya ƙi karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika ya sanar ba a ɗauki mataki ba. Sunan ya canza a jikin allo. Sai dai wane hali za a gyara wa wanda ba a tabbatar ya ɓata ba? Koyon sana'a da karatun da ake yi a ciki ma galibi na waɗanda aka yanke wa hukunci ne, mai jiran shari'a zaman kawai yake yi tare da waɗanda suka ƙware a ɓarna.

Maƙwabtanmu na Ghana sun gwada wata dabara tun 2007. Alƙalai ne ke tashi su je cikin gidan yari su kafa kotu, a ɗauko fayilolin masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya, wannan a sallame shi, wancan a ba shi beli, wancan a sa ranar shari'arsa. Da suka fara, masu jiran shari'a kusan kashi ɗaya cikin uku ne na fursunoninsu, daga baya suka sauko ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Mu ma manyan jojinmu na jiha suna da ikon shiga su saki mutane, kuma suna yi, amma sai jefi-jefi, da 'yan jarida da kyamara, a saki talatin a bar dubu.

Malam Edita, roƙona gare ka bai fi ƙarfin jarida ba. Ka sa wakilanka su riƙa karɓo alƙaluma daga ofishin hukumar na kowace jiha duk bayan wata uku, ku buga mana a fili: mutum nawa ke tsare a Kano, a Katsina, a Sakkwato, a Bauchi, nawa ne aka yanke wa hukunci, nawa ke jira, kuma wanda ya fi daɗewa shekararsa nawa. Ku tambayi kowane kwamishinan shari'a fayil nawa ke jiran shawara a ofishinsa da lauya nawa ke duba su. Duk ranar da gwamna ya zauna hira da ku, bayan tambayar tituna da gadoji, a saka masa wannan ma.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
mai karanta jaridarku daga Kano