Kada a sare dogon yaron nan

Damagaram, watan Afrilu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ka san halin bazarar garinmu: tun hantsi ake neman inuwa, da azahar ma'auni ya haye 40, in wuta ta ɗauke kuwa fanka ta zama ado.

Saƙonka ya iso, kuɗin ma suna hannu. Mun je filin da za a gina maka gida, ni da magini, mun auna. Amma abu biyu da ka ce a yi na dakatar sai mun yi magana: sare dogon yaron da ke yamma da filin, da sayen bulon siminti da tol, wato kwanon rufi.

Itacen nan ya fi komai daraja a filinka. Ranar la'asar bangon yamma take duka kai tsaye, bango ya sha zafi ya riƙe, dare na yi ya dinga amayar da shi cikin ɗaki. In akwai itace a wannan gefen, shi ke tare ta tun ba ta kai ga bango ba. Kuma aikinsa bai tsaya ga inuwa ba. Ganye yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, yadda randa ke tsattsafowa ruwan cikinta ya yi sanyi. Shi ya sa gindin itace ya fi rumfar tol daɗin zama nesa ba kusa ba. Na san tsoronka, saiwarsa tana fasa gini. Haka ne. Sai a ja ɗakunan baya kaɗan, filin ya isa.

Sai maganar bulo. Ka tuna soron kakanka a Birni, inda muke ɓuya da rana tsaka? Katangar ƙasa mai kauri sai zafi ya yi sa'o'i kafin ya ratsa ta, kafin nan rana ta yi sanyi, mutane sun fito da tabarmi tsakar gida. Taga ƙarama ce can sama, iska mai zafi ta tashi ta fice ta nan. Lungunan ma da gangan suke a matse, gida na yi wa gida inuwa. Maginan da suka tayar da fadar Sarkin Damagaram tun ƙarni na 19 ba su da lantarki, amma sun san rana. Yau je ka sababbin unguwanni ka gani: hanya fetal ba itace ko ɗaya, bulo siriri, tol a bisa kai ba komai tsakani. Mutum ya kashe dukiyarsa ya gina ɗakin da ba ya iya kwana ciki sai da na'urar sanyi.

Za ka ce mini ƙasa ba ta jure ruwa, kuma kana da hujja. Duk mun ga yadda tsohon masallacin Birni ya rushe a daminar 2024. Ginin ƙasa kulawa yake so: yaɓe kafin ruwa ya sauka, indararo dogo da zai jefa ruwa nesa da bango, tushe na dutse da siminti don kada damshi ya ci gindinsa. Dutse kuwa ba ya wuyar samu a Damagaram. Azara ce ta yi wuya yanzu, giginya ta ragu.

Akwai waɗanda suka samo tsakiya. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu wannan sana'a, a 2022, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga tol sama ya bar sarari tsakaninsa da rufin ajin. Tol ya tare ruwa da rana, iska ta bi ta tsakani ta kwashe zafin. Mu ma muna da tamu, Mariam Kamara, wadda ita da abokiyar aikinta suka gina masallacin Dandaji a jihar Tawa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Irin wannan nake so mu yi maka: tushen dutse, bulon ƙasa mai kauri, rufi biyu, a shafe waje da farar ƙasa don ta mayar da hasken rana. Ƙananan tagogi a gabas da yamma, manya a kudu da arewa suna kallon juna.

Tsakar gida kuma, don Allah ka bar ta da yashinta. Siminti a nan wuta ce kawai ake ajiyewa don dare.

Ruwa shi ne ciwon kanmu, don haka ban ba ka shawarar mangwaro ba. Kurna, aduwa, tsamiya, waɗannan ruwan wanka da na alwala ya ishe su har su kama. A bakin hanya kuwa gawo nake so, ko da yake yana da ƙaya. Shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani ya kaɗe da damina, wato inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da ake bukatarta. Ka ga yadda ya rufe gonakin Matamaye da Magarya da Mirya, kuma yawancinsa ba dasawa aka yi ba, manoma ne suka bar ƴan tsiro suna gyara musu rassa. Na yi wa maƙwabtanka biyu magana mu jera itatuwa a layin, ɗaya ya yarda, ɗayan ya ce awaki za su cinye. Na ce masa za mu kewaye su da ƙaya.

Ka aiko mini da amsa da wuri, don bulon ƙasa sai ya bushe sarai kafin ruwan farko, lokaci kuma ya ƙure. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata jikoki. A gaida mutanen gida duka.

Wassalam,
naka amini.