Barka da Sallah, Yaya: ga yadda za ku riƙa duba sakamakon yara

Zuwa ga Yaya da Maman Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. A durƙusa a gaishe mini da Hajiya, a ce ina neman albarka. Na san yanzu an sauko daga idi, an ci masa da miyar taushe, yara sun matsa a kai su ƙofar fada kallon hawa. Mu a nan Ingila an yi idi da sassafe, kowa ya wuce wurin aikinsa. Goron Sallar yara yana cikin saƙon da na turo, a ba Auta nasa a hannu don kada yayyensa su yi masa wayo.

Na ga hotunan katin sakamakon Abba da na Ummi, na kuma saurari saƙon muryar da kuka aiko. Yaya, kun yi murna Abba ya zo na 4, kun yi faɗa Ummi ta zo ta 17. Da za ku ba ni dama, sai in ce katin Abba ne ya fi bukatar a zauna a kansa. Ga dalili.

"Na nawa ka zo?" ita ce tambayar da muka gada, amma ita ce mafi ƙarancin amfani a duk katin. Matsayi yana gaya muku inda yaro ya tsaya a tsakanin 'yan ajinsu kawai. Yaro zai iya zuwa na ɗaya da matsakaicin maki 52 a aji mai rauni, wani ya zo na 15 da 68 a aji mai zafi. Kun fi ni sanin Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe: mudun wani ya fi na wani zurfi, sai an zuba a ma'auni guda ake gane na wa ya cika. Kowace makaranta da mudunta, amma WAEC da NECO, hukumomin jarrabawar gama sakandare, da mudu ɗaya suke auna ɗan Gombe da ɗan Legas.

Ku fara da layin kowane darasi. Makin zango 100 ne, an kasa shi biyu. Kashi na farko shi ne CA, wato makin da ake tarawa a tsawon zango daga gwaje-gwajen aji, aikin gida, wani lokaci da duba littafin rubutu. Na biyu jarrabawar ƙarshen zango. Wasu makarantu suna ba CA 40 jarrabawa 60, wasu 30 da 70. A katin yaranku 40 da 60 ne. Kada ku tsallake waɗannan ginshiƙai biyu ku tafi jimla, domin a nan ciwon yake ɓuya.

A ce yara biyu kowanne ya tashi da 55 a Lissafi. Na farko ya sami 34 a CA, 21 a jarrabawa. Na biyu ya sami 12 a CA, 43 a jarrabawa. Jimla ɗaya, harafi ɗaya, amma matsalarsu ba ta haɗa hanya ba. Na farko yaro ne mai biyayya, yana kwafe allo, yana kai aikin gida, ta yiwu ma wani ke taya shi, amma idan aka bar shi daga shi sai takarda, abin da yake iya kawowa 35 ne cikin 100. Wannan bai gane darasin ba, ko kuwa hadda yake yi ta zube. Na biyu kansa na ja, sai dai ba ya zama: ya yi fashi ranar gwaji, ko bai miƙa aiki ba, ko malami ya manta bai shigar masa ba. Maganin na farko a koma baya a sake koya masa, maganin na biyu a bi sawunsa a ga ina yake zuwa da safe. Idan kuka ga gurbin CA babu komai ko an ja layi, ku je makaranta a makon, tun takardun gwajin suna hannun malami. Bayan an rufe zango an cike babban rajista, gyara sai an sha wuya.

Kada ku raina gwajin maki 10. Jadawalin da makarantu suka saba bi a babbar sakandare shi ne: A1 daga 75 zuwa sama, B2 70 zuwa 74, B3 65 zuwa 69, C4 60 zuwa 64, C5 55 zuwa 59, C6 50 zuwa 54, D7 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, F9 kuwa 39 zuwa ƙasa. Kun ga tsakanin mataki da mataki maki biyar ne kacal. Gwaji ɗaya da yaro ya rasa saboda an aike shi kasuwa ko an tafi biki da shi yana iya sauko da shi matakai biyu, daga C5 zuwa D7. Kuma nan ne iyakar: daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 fas ne. Fas ba faɗuwa ba ne a takarda, amma jami'a ba ta ƙirga shi a darasin da take bukata. Abin dariya, a nan Ingila 9 ce lamba mafi daraja a jarrabawar gama sakandare, mu kuwa a gida uba ya ga 9 sai ya nemi dorina.

Sai matsakaicin maki, wanda da shi ake fitar da matsayi. Shi ma yana rufa asiri. Ku duba na Abba: Hausa 85, Addinin Musulunci 82, darasin zama ɗan ƙasa 78, Turanci 44, Lissafi 36. Waɗannan biyar kaɗai idan aka tara aka raba, 65 za a samu, abin sha'awa. Amma Turancin E8 ne, Lissafin F9. Yaron da yake ajin kimiyya a SS2, wato aji biyu na babbar sakandare, yana cewa likita zai zama, darussa biyar ne ƙofarsa: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Dole kiredit a duk biyar ɗin, kuma makarantun likitanci da yawa sun fi son a same su a zama ɗaya, alhali wasu kwasa-kwasan suna karɓar zama biyu, kamar a haɗa WAEC da NECO. Na 4 ɗin nan darussan da ba za a tambaye shi ba ne suka ɗaga shi. Ita kuwa Ummi, ko da ta zo ta 17, ba ta da ƙasa da 55 a komai, Lissafinta 63 alhali matsakaicin ajin 47. Wannan ginshiƙi na matsakaicin aji, da na maki mafi sama da mafi ƙasa, su ne abin dubawa. Idan yaro ya ci 41 amma wanda ya fi kowa ya ci 49, to matsalar ta fi ƙarfin yaron: ko ba a samu malami ba rabin zango, ko an yi tambaya a kan abin da ba a koyar ba. Wannan maganar taron iyaye da malamai ce, ba ta bulala ba.

A zango na uku makarantu da yawa ba makin zangon kaɗai suke dubawa ba wajen ƙarin aji, suna tara na zangunan uku su raba uku. Wanda ya ci 38, sannan 45, sannan ya farka ya ci 61, zai tashi da 48. Uba ya ga 61 ya rasa dalilin da aka rubuta D7. Ba zalunci ba ne, bashin zangon farko ne ya biyo shi.

Ƙasan katin kuma, inda ake ba da 1 zuwa 5 a kan zuwa da wuri, tsafta, ladabi da rubutun hannu, ba na ba shi nauyi sosai, don sau da yawa fom masta mai yara 70 a dare ɗaya yake cike shi. Amma adadin ranakun da aka buɗe makaranta da waɗanda yaro ya halarta, wannan ku karanta shi da kyau.

Ummi za ta zauna BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a ƙarshen JSS3. Akwai wadda jiha ke shiryawa, akwai ta NECO, ku tambaya wacce makarantarsu ke yi. Da wannan sakamakon da makinta na Lissafi da kimiyya ake duba ko ajin kimiyya za ta, ko na adabi, ko na kasuwanci. Kada a tura yarinya kimiyya don 'yar maƙwabta tana can. Amma a yadda na ga katinta, za ta iya.

Yanzu babbar magana, ta Abba. A WAEC ta 'yan makaranta, jarrabawar da ake zaunawa ba ita ce duka makin ba: tana ɗaukar 70, sauran 30 daga CA ne da makaranta ke turawa, na SS1 da SS2 da SS3. Ke nan ya riga ya fara rubuta WAEC tun bara bai sani ba. Hukumar ba ta ɗaukar abin da makaranta ta turo ido rufe, tana daidaita shi da abin da yaran suka yi a zauren jarrabawa, saboda haka makarantar da ke rabon 28 da 29 ga kowa ba gata ta yi musu ba. Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan shawarar sauya masa makaranta a SS3. Idan ya zama dole, a karɓo cikakken bayanin makinsa na shekarun baya da sa hannun shugaban makaranta kafin a tashi.

Kowane darasi kuma takarda fiye da ɗaya ce. Akwai ta canki-canka, akwai ta rubutu, darussan kimiyya suna da firaktikal. Ku tambayi Abba tambaya ɗaya: sau nawa ya riƙe kwalbar awo da hannunsa a ɗakin gwaji ya ɗiga asid har ruwan ya sauya launi? Idan amsar ita ce a allo kawai aka zana musu, to kashi guda na Kemistiri yana cikin haɗari, kuma wannan ba a koyonsa a daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Lissafi masu duba takarda suna ba da maki a kan hanya daban, a kan amsa daban. Yaron da ya jera matakansa daidai ya yi kuskuren tarawa a layin ƙarshe zai kwashe makin hanya. Wanda ya yi lissafin a gefen benci ya dire amsa tsirara, ko da daidai ce, yana iya tashi da kusan babu. Ku buɗe littafinsa ku gani, ko ba ku gane lissafin ba za ku gane ko yana nuna aiki. A Turanci, insha'in maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. Wannan goman ta ƙarshe rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskuren harafi, aya ko nahawu, don haka kuskure 20 sun cinye ta, kuma yaranmu da yawa kafin su kai tsakiyar shafi sun gama da ita. Ana son kalmomi kusan 450. Maganinsa mai arha ne: shafi ɗaya duk mako, malami ya bi da jan biro, yaron ya sake kwafewa da gyaran. Ga kuma taƙaita labari, inda kwafo jimlar marubuci yadda take ke jawo asarar maki, da takardar furuci da yawancinsu ba sa waiwaya sai ta zo.

Za a zo muku da maganar wata cibiya a wani ƙauye inda "ake taimakawa". Yaya, ku toshe kunne. Idan aka kama satar amsa ta taron dangi, ana iya riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, har da na yaron da bai ɗaga kai ba, a yi watanni ana bincike, ƙarshe a soke. Wanda ya tsallake kuma JAMB, jarrabawar shiga jami'a, na jiransa a gaban kwamfuta: darussa huɗu, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, maki 400. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Mai A1 ta saye a nan asirinsa ke tonuwa. Jami'ar Jihar Gombe, ta Tarayya da ke Kashere, ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, kowacce tana sa nata makin shiga, kuma na likitanci da injiniya ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba. Tunda ita ma WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024, a riƙa barinsa yana taɓa ta gida, ya saba da linzami da karatu a fuskarta.

Abu na ƙarshe ba na maki ba ne, amma ya hana yara da yawa shiga makaranta da sakamako mai kyau a hannu: suna da ranar haihuwa. A katin nan an rubuta sunansa da wani salo, na tabbata a NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, wani salon ne, don sunan Baba kaɗai ana rubuta shi iri uku ko huɗu da boko. JAMB daga NIN take ɗauko bayani. Ku ɗauko takardar haihuwa, takardar NIN, shaidar firamare da ta BECE, ku shimfiɗa su a tabarma ku bi harafi da harafi, da jerin sunayen, da rana da wata da shekara. Abin da ya saɓa a gyara shi bana, kafin makaranta ta yi rajistar WAEC. Ranar rajistar kuma kada a sa hannu a takardar tabbatarwa sai an karanta darussan nan takwas ko tara ɗaya bayan ɗaya, don akan sami ɗan kimiyya an manta ba a sa masa Fiziks ba.

Idan hutun Sallah ya ƙare, Maman Abba ko ku ku je ku ga malamin Lissafi da kanku, ku roƙi a nuna muku takardar jarrabawar Abba ta zangon da ya wuce, ku tambaye shi a wane babi ne yaron ya fara ɓata. Ku ɗauki hotonta shafi-shafi ku turo mini. Kuɗin lesin na Lissafi da Turanci ni zan ɗauka, amma a nemi wanda zai zauna da yara biyar ko shida, ba wanda zai tara aji guda ba.

A gaida su Gwaggo da Kawu da duk mutanen gida.

Wassalam,
Ƙaninku.