Ga masu ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi: a riƙa ɗaukar ƙasan fiffike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu sha'awar kallon malam-buɗe-littafi da ɗaukar hotonsa, waɗanda suke ta ƙaruwa tunda yanzu kowa da kamara a aljihunsa. Yawancin hotunan da ake yaɗawa suna da kyan gani, amma ba za a iya gane irin ƙwaron da su ba. An ɗauki saman fiffike kaɗai, ba kwanan wata, ba wuri, ba a san tsiron da ya sauka a kai ba, sannan an ƙara masa launi har ya fita daga kamanninsa. Irin wannan hoto ado ne kawai, alhali da an ƙara minti biyu da ya zama shaidar da masana za su yi aiki da ita.

Nau'in malam-buɗe-littafi a duniya ya kai kusan 18,000, ban da faɗa-wuta da suka ninka su sau da yawa. Ba mai haddace su. Abin da mai farawa yake buƙata shi ne ya iya sa ƙwaro cikin danginsa. Ya fara duba siraran ƙahonnin nan biyu na kansa: na malam-buɗe-littafi suna da ɗan kumburi a ƙarshe, na faɗa-wuta kuwa zare ne ko mai gashi-gashi. Tashi da rana ba hujja ba ne, don akwai faɗa-wuta masu yawo tsakar rana. Daga nan sai dangi. Manyan da ba sa daina kaɗa fiffike ko suna shan ruwan fure, Papilionidae ne. Farare da rawaya da ke zama da fukafukai a rufe, Pieridae. Ƙananan masu shuɗi a sama da ɗigo-ɗigo a ƙasa, wasu da ɗan siririn jela a fiffiken baya, Lycaenidae. Masu kaurin jiki da ƙaton kai, ƙahonsu da lanƙwasa a baki, masu tashi fir kamar an harba su, Hesperiidae. Idan kuma ka ƙirga ƙafafun wanda ke tsaye ka ga huɗu maimakon shida, ɗan Nymphalidae ne. Ƙafafunsa biyu na gaba sun ƙanƙance, yana naɗe su a ƙirji.

Inda ake yawan faɗawa shi ne wajen kamanni, kuma kama da wane ba wane ba ne. Ɗauki Danaus chrysippus, mai launin ruwan goro da baƙin gefe da fararen ɗigo, wanda ake samu daga Afirka har Asiya. Tsutsarsa tana cin ganyen tumfafiya da danginta, tana tara dafin ganyen a jikinta, shi ya sa tsuntsaye suke ƙyale shi. Macen wani nau'i dabam, Hypolimnas misippus, ba ta da wannan dafi, amma ta kwaikwayi launinsa har ta kan ruɗi wanda ya daɗe a harkar. Bambancin yana fiffiken baya. Danaus yana da baƙaƙen ɗigo uku a tsakiyarsa, namiji huɗu, don yana da wata 'yar jakar ƙamshi da yake jawo mace da ita. Mai kwaikwayon ba ta da wannan jerin ɗigo, kuma gefen fiffikenta ya fi lanƙwashe-lanƙwashe. Namijinta kuwa baƙi ne da manyan fararen tabo masu zoben shuɗi, ba wanda zai ce su biyun iri ɗaya ne. Hoton da ganye ya rufe fiffiken baya a cikinsa ba zai raba wannan gardama ba.

Yanayi ma yana canza su. Precis octavia na lokacin ruwa ja-ja ne, na lokacin rani kuwa shuɗi ne mai duhu, har a da an ɗauke su nau'i biyu. A dangin Bicyclus, tabon da ke kama da ido a ƙasan fiffike yana girma a na damina, ya ƙanƙance a na rani. Saboda haka kwanan wata wani ɓangare ne na gane iri.

Yanzu yadda za a ɗauki hoton. Da zarar ka hango shi ya sauka, ɗauki guda daga inda kake tsaye, komai nisa, don wataƙila shi kaɗai za ka samu. Sannan ka matsa taku ɗaya, ka sake ɗauka, ka sake matsawa. Idonsa ya fi kama motsi na farat ɗaya da sauyin haske, don haka ka tafi a hankali, kai tsaye ba ta gefe ba, ka rage tsawo, kuma kada inuwarka ta faɗa kansa. Inuwa ce ke korar yawancinsu, ba ƙarar kamara ba. Idan ya tashi, tsaya cik. Maza da yawa suna da reshe ɗaya da suke gadi, za su zaga su dawo daidai wurin.

Hoto uku ake nema: saman fiffike a buɗe, ƙasansa a rufe daga gefe, da na tsiron gaba ɗaya, ganye da fure. Na biyun shi ake rainawa don ba shi da ƙyalli, amma ga ƙananan shuɗɗa da masu launin ƙasa, tsarin ɗigon da ke ƙasan fiffike ne kawai ke raba nau'i da nau'i. Hoto kuma ba ya nuna girma. Bayan ƙwaron ya tashi, auna ganyen da ya zauna a kai da rula, ko ka ɗauki ganyen tare da yatsanka.

Babbar matsalar hoton kusa ita ce iyakar abin da zai fito tangaran ba ta wuce 'yan milimita ba. Idan ka karkata, kan ƙwaron zai fito sarai, ƙarshen fiffike ya yi dishi-dishi. Maganinsa ka daidaita bayan kamara ya yi layi ɗaya da shimfiɗar fiffiken, ka saita a kan ido. Mai babbar kamara ya sa buɗin gilashi tsakanin f/8 da f/11, saurin ɗauka kada ya gaza 1/500 idan akwai iska, 1/2000 ko fiye ga wanda ke tashi, ya bar ISO, wato ma'aunin saurin karɓar haske na kamara, ya hau yadda ya so, ko da zai sa hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoto bai hana ƙirga ɗigo, amma girgiza tana hanawa. Gilashin kusa mai milimita 90 zuwa 105 ya fi dacewa, don yana barin tazara tsakaninka da ƙwaron.

Mai waya kada ya karaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa waya har ta wuce iyakar da za ta iya saiti, wanda a yawancin wayoyi wajen santimita 10 ne. Sai ta koma ta kama ciyawar baya. Ja baya kaɗan, taɓa ƙwaron a fuskar waya, danne har saitin ya kulle, ka ɗauki da yawa a jere. Yanke hoton daga baya ya fi jawo shi da yatsu biyu. Ga wanda ba ya zama wuri ɗaya, ɗauki bidiyo na 'yan daƙiƙu ka ciro hoto daga ciki. Ta haka ake samun saman fiffiken waɗanda ba sa buɗewa sai suna tashi.

Haske yana da nasa tarkon. Farin malam-buɗe-littafi a kan ganye mai duhu yana yaudarar kamara ta ƙara haske, fiffiken ya zama fari fat, jijiyoyi da tabo su ɓace, kuma ba a iya dawo da su. Rage hasken da mataki ɗaya kafin ka ɗauka. Shuɗin da ke sheƙi kuwa ba rini ba ne, tsarin ɓawon fiffiken ne ke karya haske, shi ya sa yake sauyawa idan ka gusa. Fitilar kamara takan ɓata shi. A bar launi yadda yake. Hoton da aka yi wa kwalliya yana sa a ba ƙwaro sunan da ba nasa ba.

Game da lokaci, jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa, sai tsokar ƙirji ta kai wajen digiri 30 kafin su tashi da kyau. Da sassafe za ka same su a kan ganye sun baje fiffike suna shan hantsi, a nan hoto ya fi sauƙi. Idan rana ta take, nemi damshin ƙasa a bakin ruwa, inda maza ke taruwa suna tsotsar gishiri. Manyan nan da ake kira Charaxes ba su cika damuwa da fure ba. Ruɓaɓɓen 'ya'yan itace da aka dama aka bari ya yi tsami, aka shafa a kututture, shi ke saukar da su. Mai son kallo ba hoto ba ya nemi madubin hangen nesa da ke iya saiti a ƙasa da mita 2, don na kallon tsuntsu sau da yawa sai ka ja da baya kafin ya nuna.

Manhajojin tantance halittu daga hoto, irin su iNaturalist, suna da amfani ƙwarai, amma sunan da na'ura ta fara bayarwa zato ne. A can ma ba a ɗaukar bayani a matsayin na bincike sai yana da hoto da wuri da kwanan wata, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun yarda da sunan. Na'urar ta fi sanin ƙwarin ƙasashen da aka fi ɗora hotunansu, don haka takan laƙaba sunan nau'in wata nahiya ga wanda ke gabanka. Duba ko an taɓa samun nau'in a yankin kafin ka amince. Wannan ba ya nufin baƙo ba ya zuwa: a 2013 an tsinci wasu 'yan nau'in Vanessa cardui a gabar Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka, bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna sun ƙetare Tekun Atlantika daga Afirka ta Yamma, tafiyar da ba ta gaza kilomita 4,200 ba. Amma irin wannan da'awa hujja mai ƙarfi take so. Wasu kuma, musamman cikin ƙananan rawaya da Hesperiidae, ko hoton ya yi kyau ba a raba su sai masani ya duba gaɓoɓin haihuwarsu a madubin ƙara girma. Tsayawa a sunan dangi a nan shi ne daidai.

Wanda yake son kallonsa ya yi amfani mai ɗorewa ya bi tsarin da Ernie Pollard ya fito da shi a Birtaniya, wanda ake ƙidaya da shi a can tun 1976. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka bi ta sau ɗaya a mako da tafiya mai natsuwa, a yanayi mai kyau, ka ƙirga waɗanda suka shigo cikin mita 2.5 a damanka da hagunka da mita 5 a gabanka kaɗai. Wanda ya bi ta bayanka ba a sa shi, don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Ranar da ba ka ga komai ba, rubuta sifiri. Rashin gani ma bayani ne, kuma shi mutane suka fi mantawa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari: kama ƙwaro a sa shi a firji don ya sandare a ɗauke shi a kan furen da aka ga dama. Ban da wahalar da shi, hoton yana yin ƙarya game da tsiron da yake sauka a kai. Riƙe shi ta fiffike kuma yana goge ɓawon da ke ɗauke da tabon da ake son gani. Idan nau'in ba safai ake samunsa ba, a ɓoye ainihin wurin a fili, a bar wa masu bincike.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne duk lokacin da za ku buga irin wannan hoto, ku nemi mai shi ya turo wuri da kwanan wata da hoton ƙasan fiffike, ku sa su a ƙarƙashinsa. Idan ba a tabbatar da suna ba, a rubuta sunan dangi kawai.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku