A riƙa duba bakin masu karɓar maganin ciwon daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ware lokaci a shirinku na kiwon lafiya ku yi magana kan bakin masu ciwon daji da ke karɓar maganin kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin ciwon dajin. A zangonninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, idan aka ce wani ya fara zuwa asibitin Komfo Anokye karɓar wannan magani, hankalin dangi kan zubewar gashi da amai yake tafiya. Ba wanda ke cewa, "Baba, buɗe bakinka mu gani."

Maganin yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, fatar cikin baki kuwa tana cikinsu. Shi ya sa bayan kwana 5 zuwa 10 da yin allurar, baki kan yi ja, daga nan gyambo ya fito a harshe, cikin kumatu da leɓe. A daidai wannan lokaci ne kuma garkuwar jiki ke faɗuwa, sai ƙaramin miki ya zama ƙofar da cuta za ta bi ta shiga jini. Gwaggona ta ƙi waake, ta ƙi tuwo, har koko sai an lallaɓa, dangi na ta cewa rashin marmari ne. Ashe haɗiya ce ta gagare ta, kawaici ya hana ta faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni mai sauƙi, daga 0 zuwa 4. Mataki na 1 ja ne da zafi kawai. Na 2 akwai gyambo amma ana iya tauna abinci. Na 3 sai abu mai ruwa. Na 4 ko ruwa ba ya wucewa. Duk mai jinya da tocilar waya zai iya dubawa kowace safiya, ya gaya wa nas matakin da ake. Idan ya ga farin abu kamar gasarar nono a harshe, ko zazzaɓi ya kai 38, kada a jira ranar komawa asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙori. Kamata ya yi likitan haƙori ya duba mutum tun kafin allurar farko, don idan akwai ruɓaɓɓe a cire shi wurin ya warke, wanda kan ɗauki kamar mako 2. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba.

Ku kuma ja kunnen masu kawo magunguna daga gida. Kanwa da garin gawayi ƙara ƙona bakin suke yi, haka ma yajin shito, goro da ruwan kurkurar baki mai sinadarin barasa. Burushi mai laushi ya fi asuwaki a wannan hali, sai kurkura da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a rana.

Don Allah ku gayyato likitan haƙori da nas daga sashen ciwon daji, su yi bayani da Hausa, a buɗe layin waya iyayenmu mata su yi tambaya.

Wassalam,
Mai sauraronku,
Aboabo, Kumasi